Gargaɗi Ga Matasan Hotoro Da Iyayensu: Kada A Sayi Ajali Da Sunan Ƙarin Horo

Jama'ar Hotoro, ta Arewa da ta Kudu, daga gadar sama ta NNPC har Tsamiyar Boka, da duk mai ɗa ko ƙane da ke sammakon neman abinci a masana'antun Sharada, Challawa da Bompai.

Wata ɓarna tana yaɗuwa a tsakaninmu, kuma da rigar alheri ta shigo. A jikin turakun wuta, a bangon gareji, a zaurukan WhatsApp na unguwa, talla ta cika ido. Wannan zai mayar da yaro gwanin haɗa sola cikin mako biyu. Wancan zai koya masa tuƙin tanka cikin kwana goma. Wani kuma yana da babban kwas na walda ko na wutar masana'anta, da satifiket mai tambari, da alƙawarin aiki da zarar an gama. Babu mai tambayar yaro abin da ya iya kafin ya zo. Tambayar guda ce: ka zo da kuɗin fom?

Na yi shekaru ina cin abinci a tsakanin injuna, na kuma raka waɗanda aka ɗauko ranga-ranga daga bakin aiki zuwa asibiti. Shi ya sa nake ɗaga murya: a dakata. Kada wanda ya ƙara biyan ko sisi don shiga horo na gaba sai ya binciki abu biyu. Na farko, wanda zai koyar da shi. Na biyu, shi kansa, ko ya isa taka wannan mataki. Duk wanda ya tsallake waɗannan biyu, da kuɗinsa ya je ya sayo abin da zai iya raba shi da hannu, ko ido, ko rai.

Abin da ya taso da wannan guguwa

Ban ga laifin matasanmu ba don sun nemi ci gaba. Buƙatar ta gaske ce. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya fi ƙarfin mai shago, jama'a suka karkata ga sola, gwamnatin tarayya kuma ta shiga kiran masu motoci su koma iskar gas ta CNG. A Janairun 2023 aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Challawa. Kamfanonin roba na Sharada, da na fata na Challawa, da masana'antun Bompai da suka tsira bayan durƙushewar masaƙu, suna cigiyar mai hannu. Mu kuma nan Hotoro, ga daffon mai a ƙofarmu, ga titin Maiduguri, yaro ya buɗi ido yana ganin tanka da tirela, ya kuma san direban babbar mota ya fi ɗan adaidaita sahu samu.

To, inda ake neman abu ido rufe, nan 'yan damfara da masu ƙaramin sani ke kafa rumfa. Wasu ɓarayi ne ƙarara, su tara kuɗi su yi layar zana. Nasu da sauƙi, kuɗi kawai suka ci. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda bara ya gama kwas ɗin mako biyu, bana ya kama shago ya jera kujeru, shi ma ya zama malami. Abin da ya haddace yake karantarwa, hannunsa bai san shi ba. Haɗarin da bai taɓa gani ba kuwa, ta yaya zai tsoratar da wani a kansa? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a wannan sana'a ba mai shi kaɗai yake shaƙewa ba.

Akwai wani yaro a layinmu wanda na san haihuwarsa. Mahaifiyarsa ta kwashi adashi ta biya masa irin wannan kwas. Ya dawo da satifiket da hotonsa sanye da hular kwano, aka yi ta sa albarka. Aikinsa na farko, ya kashe inbata a ɗaki, ya ɗauka wuta ta mutu ke nan, ya hau rufi da rana tsaka ya kama bakin wayoyi da hannu. Wuta ta ja shi, ta ƙone masa tafi, ta wurgo shi daga kan kwano. Allah Ya yi da sauran shan ruwa. An yi watanni ana zaryar asibiti, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Da na je dubiya na ce masa, "Ɗana, ba a gaya maka faifan sola ba shi da makunni ba, muddin rana na dukansa yana ba da wuta?" Ya ce, "Baba, an rubuta a allo. Amma ba mu taɓa hawa rufi ba." Wannan amsa ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Abin da kwas ɗin gaggawa ba ya iya sa wa a hannu

A san abin da ake tunkara. Wutar gida bolt 230 ce. Ta masana'anta mai layi uku ta kai 400 zuwa 415. Manyan layukan da ke ratsa unguwanni suna ɗauke da 11,000 ko 33,000, kuma irin waɗannan ba sai an taɓa su ba, kusantarsu kawai ta isa wuta ta yi tsalle ta kama mutum. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba, in ya ratsa ƙirji, yana iya hargitsa bugun zuciya. Wasu na'urori suna riƙe wuta a cikinsu bayan an kashe su. Janaretan maƙwabci da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya koro wuta cikin layin da kake zaton matacce ne. Saboda haka ƙwararre yake kashewa, ya kulle, ya rataya alama, ya gwada da mita, ya kuma gwada mitar kanta. Ba a allo ake koyon wannan ba. Sai an maimaita shi a gaban oga har ya zama jiki.

Mai walda a Hotoro ba ya rabuwa da tankin mai. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin man da ya gauraya da iska shi ne ke fashewa, kuma yana nan maƙale a ciki ko da an ɗauraye da ruwa. Maiƙo ko giris a bakin tukunyar oksijin yana iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba. Tiyon da ba shi da abin tare wuta yana iya mayar da harshenta cikin tukunya.

Ita kuwa CNG, ana matse ta a tukunya da ƙarfin da ya kai ma'aunin bar 200, wato kusan ninki ɗari na iskar tayar ƙaramar mota. Tukunyar gas ɗin girki ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. A Oktoban 2024, a wani gidan sayar da gas a birnin Benin, wata mota ta tarwatse ana cikin ɗura mata, mutane suka jikkata, hukumomi kuma suka ce tukunyar da aka sa mata haɗin walda ce, ba wadda aka ƙera don wannan aiki ba. Wani ne ya haɗa ta, kuma ya ɗauka ya iya.

Tanka ba babbar ƙaramar mota ba ce. Mai lita 33,000 ko 45,000 yana tangaɗi a bayanka, ka taka birki ya turo ka gaba, ka sha kwana ya rinjaye ka gefe. Birkinta na iska ne, yana da nasa hali. Wanda ke son sanin nauyin abin da direban tanka ke ɗauke da shi, ya tuna Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, inda tanka guda ta faɗi, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Wannan kujera ce ake cewa za a ɗora yaro a kai cikin kwana goma?

A kamfanonin fata, ramin dagwalo yana tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya. In ta yi yawa sai ta kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi, alhali a lokacin ta fi kisa. Na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto ya faɗi, na uku ya bi su. Motar ɗaga kaya da ƙafafun baya take juyawa, in ta tashi kifewa wanda ya yi tsalle shi take dannewa. Tukunyar tururi da ruwanta ya ƙafe ta yi jajir, wanda ya yi gaggawar ɗura mata ruwan sanyi yana iya tashin ginin gaba ɗaya. Kowanne cikin waɗannan yana da lokacin da tunani ba ya isa, sai abin da hannu ya saba. Inji ba ya karanta satifiket.

Tsani ne, ba a tsallake matakala

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ilimi. A tsangaya, malam ba ya ƙara wa almajiri karatu sai ya biya na jiya, ba a wanke allo sai abin da ke kai ya zauna. Daga kolo ake zama titibiri, a zama gardi, a zama malam, kafin a yi zancen alaramma ko gwani. A maƙera yaro yakan daɗe yana zuga kafin a miƙa masa guduma. A tasha, yaron mota yakan wanke mota, ya duba taya, ya sa weji, ya yi shekaru yana kallon ƙafar ogansa kafin a ce ya matsar da ita cikin fili. Kuma oga ne ke yaye yaro a gaban mutane, domin sunansa ne zai bi yaron duk inda ya je.

Tsarin gwamnati ma haka yake. Gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya daga aji na 3 ake farawa, a hau na 2, sannan na 1. Hukumar NABTEB, da aka kafa a 1992, tana ba da shaidar NTC, sai mutum ya yi aiki da ita kafin ya nemi babbar, wato ANTC. A kwalejin kimiyya da fasaha, mai ƙaramar difloma sai ya yi shekara guda a bakin aiki kafin ya koma neman babba. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin NSQ mai hawa-hawa, inda ake auna mutum da ganin aikin hannunsa, har wanda a gareji ya koya yana iya zuwa a gwada shi a ba shi matakin da ya cancanta. Asusun ITF, da ke aiki tun 1971, yana da cibiyar koyar da sana'a a nan Kano. Hukumar NEMSA, da aka kafa bisa dokar 2015, ita ke tantance masu aikin haɗa wuta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da jerin makarantun tuƙi da ta amince da su, kuma lasin ƙaramar mota daban, na tirela daban. Dokar masana'antu ta 1987 ta hana a tsayar da mutum a kan injin da ka iya raunata shi sai an sanar da shi haɗarinsa, an kuma horar da shi, ko an sa shi ƙarƙashin idon wanda ya san injin sosai.

Malaman allo, da maƙera, da direbobi, da hukuma, duk sun haɗu a kan magana ɗaya. Wanda ya zo ya ce yana da gajeriyar hanya, ku tambaye shi abin da ya sani wanda duk waɗannan ba su sani ba.

Yadda za ka auna malami kafin ka ba shi kuɗi

Na ɗaya, tambayi asalinsa a sana'ar. Wa ya koya masa? Shekara nawa ya yi a hannunsa? A wane kamfani ko gareji ya yi aiki? Mai gaskiya zai faɗa maka da alfahari. Ka taka ka je wurin, ka tambayi tsofaffin ma'aikata. Kano da girma take, amma masu sana'a ɗaya sun san juna.

Na biyu, nemi ganin aikinsa, kuma wanda ya shekara, ba na jiya ba. Sabon aiki kowa nasa da kyau. Wanda ya sha damina da bazara shi ke ba da shaida. Ka tambayi mai gidan ko mai motar sau nawa ya sake kiran mai gyara.

Na uku, nemo tsofaffin ɗalibansa da kanka, ba waɗanda ya zaɓo maka ba. Uku sun isa. Ina suke aiki? Sau nawa suka riƙe kayan aiki da hannunsu lokacin koyo? Za su tura ƙanensu wurinsa?

Na huɗu, shiga wurin ka ƙirga. Injin walda nawa, ɗalibi nawa? Mota nawa, mai jiran layi nawa? In mutum arba'in ne a kan inji guda, kallo za ka biya kuɗi ka yi. In majigi da bidiyo ne kawai, wayarka ma tana da su.

Na biyar, dubi jikinsa da shagonsa. Mai yin walda da silifa, ba gilashi, ba safar hannu, haka zai yaye ka. Akwai tukunyar kashe gobara, kuma tana aiki? Akwai akwatin agajin gaggawa? Wanda ke bugun ƙirji yana cewa shi wuta ba ta kama shi, ko ya sha magani ƙarfe ba ya cinsa, ka yi masa sallama tun daga ƙofa. Gwanin gaske tsoron abin yake, kuma tsoron nan ne mafi tsadar abin da zai gadar maka.

Na shida, wannan ita ce babbar alama: ya gwada ka kafin ya karɓe ka? Babban kwas da ke karɓar duk wanda ya biya, ba babba ba ne. Ka kuma tambaya ko an taɓa kayar da wani a wurin. Makarantar da kowa ke ci, takarda take sayarwa. Malamin da ya miƙa maka mita ko sitiyari ya kalle ka, sannan ya ce ka koma ka ƙara wata shida, riƙe shi hannu biyu. Ya bar kuɗinka don ya tsare ranka.

Na bakwai, binciki takardar. Wa ke ba da ita, kuma wa ya san da ita? Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba izinin koyarwa ba ce, mai sayar da shinkafa ma yana da ita. In ya ce yana tare da ITF, ko NBTE, ko FRSC, je ofishinsu da ƙafarka ka tabbatar. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum ba rasit. In an yi maka alƙawarin aiki a wani kamfani, je ƙofar kamfanin ka tambaya ko sun san da zancen.

Ka kuma sani, ba kowane gwanin aiki ne gwanin koyarwa ba. Akwai mai ɓoye sani don kada yaro ya kamo shi. Akwai wanda zai mayar da kai ɗan aike shekara uku. Akwai wanda zagi da mari ne darasinsa, har yaro ya ji tsoron tambaya, kuma mai tsoron tambaya shi ke ɓoye kuskure har ya zama gobara. Nemi wanda ke bayyana dalili, wanda kuma in abu ya shige masa zai ce bai sani ba, bari ya tambayi na gaba da shi.

Yadda za ka auna kanka

Wannan ya fi wuya, domin zuciya tana son a ce mata ta isa. Ka zauna kai kaɗai ka amsa tsakaninka da Allah.

Aikin matakin da kake kai, kana iya yin sa sau goma ya fito iri ɗaya, ba ka leƙa waya ba, ba ka kira oga ba, ko da ka gaji? Wanda ya dace sau ɗaya bai iya ba tukuna.

Kana iya faɗin dalili? Me ya sa wannan waya ta fi waccan kauri, me ya sa ake jiran iska ta cika kafin a tayar da babbar mota? In ba ka iya fahimtar da ƙanenka ba, haddacewa ka yi.

In aka ɓata abu da gangan aka ce ka gano, za ka bi shi daki-daki, ko canje-canjen kaya za ka shiga yi har Allah Ya sa a dace?

Ka san yadda ake tsayarwa? Tayar da inji kowa na iyawa. Ina makashin gaggawa yake, me za ka yi in tiyo ya kama, in birki ya ƙi, in abokin aikinka ya faɗi? Wanda bai san mafita ba, kada ya shiga.

Kana iya karanta abin da aka rubuta a jikin inji, ka yi lissafin lodi, ka bambance ma'auni? Babban mataki lissafinsa ya fi ƙarfinsa yawa. In nan ne rauninka, can za ka fara gyarawa, kuma ba abin kunya ba ne.

Ka ga shekara ta zagayo a kan aikin? Damina tana koyar da abin da jiƙaƙƙen rufi da santsin titi ke yi. Hunturu yana koyar da ƙura da hazo. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40 a Kano, yana koyar da abin da ke samun batir da taya da mutum. Mako biyu bai ga ko ɗaya ba.

Jikinka fa? An gwada idonka? Akwai masu kasa bambance ja da kore ba su sani ba, alhali wayoyi da fitilun gargaɗi da launi ake gane su. Mai farfaɗiya ko jiri ya faɗa wa likita gaskiya kafin ya hau sama ko ya kama sitiyari. Wanda kuma sai ya haɗiyi ƙwaya yake iya aiki, bai shirya wa kowane mataki ba.

Na ƙarshe, wa ya ce ka isa? In kai ne ka faɗa wa kanka, ko mai karɓar kuɗin fom, ko abokan hira, ba shaida ba ce. Nemi tsohon hannu wanda ba ya cin komai a jikinka, ka yi aiki a gabansa, ka karɓi hukuncinsa ko da ɗaci. Da rarrafe yaro kan tashi. Wata shida da za ka ƙara a ƙasa ba asara ba ce, asara ita ce yatsun da ba sa dawowa.

In ka riga ka shiga

Wanda ya riga ya karɓi irin wannan takarda, kada ya karɓi aiki shi kaɗai. Ya nemi oga na ƙwarai ya tsaya a bayansa, ko da kyauta ne, har hannunsa ya faɗa. Kuɗin da ya tafi ya tafi, kada a bi shi da rai.

Kowa kuma ya riƙe waɗannan. Wanda wuta ta kama, kada a taɓa shi da hannu: a kashe wutar, ko a ture wayar da busasshen katako in ta gida ce. In babban layi ne, a ja da baya a kira kamfanin wuta na KEDCO. Wanda ya faɗi cikin rami ko tanki, kada kowa ya bi shi ba abin shaƙar iska da igiya, a kira 'yan kwana-kwana. Ƙuna kuwa, a kwarara mata ruwa mai tsabta na kimanin minti 20. Ba manja, ba ƙwai, ba man goge baki. Sai a garzaya asibiti, ko Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko na ƙashi da ke Dala. Wanda wuta ta ja, ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi a duba zuciyarsa.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Iyaye, musamman iyaye mata da ke sayar da ɗan abin hannunsu don ɗa ya samu sana'a: kada ku miƙa kuɗi sai wani babba a gida ya je ya ga wurin da idonsa. In 'ya mace ce, a ƙara da binciken tarbiyyar wurin da mutanen da ke cikinsa. Kada gorin ɗan maƙwabta ya sa ku tura naku inda bai isa ba.

Masu masana'antu da manajoji, da ƙungiyarku ta MAN a Sharada da Challawa da Bompai: kada takarda ta ishe ku. Ku gwada hannu kafin ku ɗauka, ku haɗa sabo da tsoho, ku ba da kayan kariya, ku sa ma'aikatanku cikin tsarin diyya na NSITF kamar yadda dokar 2010 ta tanada. Ranar da kuka daina karɓar takardar banza, ranar kasuwarta za ta mutu.

Malaman sana'a na gaskiya, kuna da yawa a garin nan, kuma ku ake ɓata wa suna. Ɗan mutane amana ne a hannunku. Ku koyar da iyakar abin da kuka sani, ku mayar da wanda bai isa ba, ku tona asirin masu shiga rigarku. Wanda ya sa hannu a takardar yaron da ya san bai iya ba, yana da kaso a duk abin da hannun yaron ya jawo, kuma akwai ranar tambaya.

Masu unguwanni da limamai, ku san wanda ya buɗe wurin koyarwa a unguwarku, ku kuma faɗakar a masallatai. Hukumomi, ku fito daga ofis ku zaga, ku wallafa sunayen cibiyoyin da kuka amince da su cikin Hausa, a rediyo, inda talaka zai ji.

Kai kuma ɗana, ko ƙanena, da fom ke aljihunka yanzu: ajiye shi tukuna. Gobe da safe je ka ga shagon, ka nemo ɗaliban, ka tsaya gaban tsohon hannu ya gwada ka. In ya ce ka isa, Allah Ya ba da sa'a, mu ne masu murna. In ya ce da saura, koma ka cika. Sana'ar ba za ta gudu ba, mahaifiyarka kuma kai take jira da yamma, ba takarda ba. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya sa albarka a hannuwansu.